Goggo Adassa da Kwaɗin Kan Mangwaro

Duk wanda ya ce Goggo Adassa tana da sauƙin kai, to bai taɓa zama da ita ba. Ni na zauna da ita tun ina goye har na fara ganin furfura a kaina, saboda haka in na faɗi abu a kanta ba jita-jita ba ce. Yayar mahaifina ce, doguwa, baƙa, mai tafin hannu kamar faranti. In ta ƙwala min kira daga gona, har karnukan maƙwabta sai sun amsa. A ƙauyenmu, can kudancin gundumar Trelawny inda kwalta ta ƙare duwatsu suka fara, kowa Mis Adassa yake ce mata, har fasto. Ni kaɗai ke ce mata Goggo.

Uwata ta rasu ban isa yaye ba. Ba a jima ba mahaifina, Enos, ya samu shiga cikin waɗanda ake ɗiba zuwa Amurka tsinkar tuffa. Ranar tafiyarsa ya miƙa ni ga yayarsa a bakin ƙofa, ya ce, "Yaya, riƙe min ita, kafin Kirsimeti na dawo." Da aikin ya ƙare sai ya sulale ya shige birni kamar yadda wasu ke yi, ba shi da takardar zama, in ya fito kuma ba damar komawa. Kirsimeti ta zo ta wuce, wata ma ta zo ta wuce. Abin da ya riƙa zuwa shi ne shuɗin duro na roba, shaƙe da shinkafa da man girki da sabulu, da takalman da kullum sun yi min kaɗan. Daga baya duron ya ja baya, sai waya ranar Kirsimeti, ya tambayi aji nawa nake alhali na gama makaranta. Duron farko da ya aiko, Goggo ta wanke shi ta girke a ƙarƙashin indararo, ya zama na tarar ruwan sama.

A wajenmu duro ba abin wasa ba ne. Ruwan sama muna samu, amma ƙasarmu farin dutse ne mai huji-huji, da ruwa ya sauka sai ya zurare ƙasa, ba rafi ba tafki. Abin da ka tara shi ne naka. In duro ya ƙafe sai a jira tankar ruwa, mai ruwa da warin magani, in ta ga damar hawowa. A daji kuwa, wuri ɗaya ne ruwa ke zama: cikin abarbar daji, wannan tsiron mai kama da kan abarba da ke manne a rassan bishiyoyi, ganyensa a jere kamar kofi cikin kofi. Manomin da ƙishirwa ta kama a dawa, ita yake karkatowa ya sha. A cikinta kuma kwaɗon bishiya ke haihuwa, wanda muke ce wa Mai Dariya, don kukansa da almuru ba shi da maraba da tsoho yana ƙyaƙyatawa a bayan gida.

Ɗan kwaɗo ne mai launin ƙasa-ƙasa, da dogayen yatsu masu ɗanko. Ba kyau ne da shi ba, kuma Goggo ba ta taɓa cewa yana da shi ba. Halin macen ne ya shiga ranta. Kofin abarbar daji ba abinci a cikinsa, saboda haka in uwar ta yi ƙwai suka ƙyanƙyashe, sai ta riƙa komowa bayan 'yan kwanaki tana zuba wasu ƙwai, 'ya'yan suna ci, har su fid da ƙafa su yar da jela. Kakata ce ta nuna mata tun tana yarinya, ita kuma ta ɗaga ni sama ta nuna min: wasu sirara masu jela, cikinsu fari tas da ƙwan da suka sha.

"Kin gani?" ta ce. "Ba ta mantawa. Duk faɗin dajin nan, nan za ta dawo."

Noman doya ne sana'arta, kamar kowa a nan, kuma noman doya ne ya kusa cinye dajin. Kowane tudun doya sai an kafa masa doguwar sanda, sandar kuma shekara ɗaya ko biyu ta ruɓe. Masu saran sanda sukan shiga duwatsu da adda su fito da dami-dami, bana nan kusa, baɗi can gaba. Ƙananan bishiyoyi suka tafi, rana ta shiga, manya suka fara bushewa, abarbar daji ta riƙa faɗowa. Ina yarinya, in magariba ta yi sai mun ɗaga murya kafin mu ji juna saboda dariyar kwaɗi. Lokacin da na zama budurwa, daga tsallaken kwari kawai ake jiyo su.

Goggo ba ta je wajen kowa kai ƙara ba. Ta daina sayen sanda, ta koma kafa ɗanyen reshen wata bishiya da ke kamawa da an soka ta a ƙasa, ya yi saiwa ya tsaya nan shekara da shekaru, ita dai sai sassabe ganye kada ya rufe wa doya rana. Aka yi ta yi mata dariya, wai Mis Adassa ta shuka inuwa tana jiran doya. Ta ce su yi, ai dariya ba baƙuwarta ba ce, tana da masu yi mata ita kyauta a kan bishiya. Doyarta ba ta fi ta kowa ba, ba ta kuma gaza ba, sai dai ita ba ta sayen sanda. A hankali wasu suka bi, ba tare da sun ce sun bi ba.

Sannan ta kafa wa masu sara doka, ba wanda ya naɗa ta. Bishiyar da ke ɗauke da abarba ba a taɓa ta. Abarbar da aka tarar ta faɗo, a kawo mata a tsaye, kada a zubar da ruwan. Wanda ya kawo yana da dafaffiyar doya da kifin gishiri, wanda ya ƙi kuma yana da bakinta a gaban jama'a ranar Lahadi, kuma duk ƙauyen ba mai son wannan. Abin da aka kawo sai ta sa tsani ta hau tsohon mangwaron da ke bayan gidanmu, wanda ya yi wa kaburburan danginmu rumfa, ta ɗaure a reshe da doguwar safar mata, irin mai santsin nan ta zuwa coci. Igiya tana yanka tsiron, safa kuwa tana miƙewa, ba ta saurin ruɓewa. Duk matar da safarta ta yage ta san inda za ta kai. Da haka mangwaronmu ya cika da abarba tun daga cinya har ƙololuwa, kwaɗi suka tare a ciki, gidanmu ya zama gidan da ya fi kowane hayaniya da yamma.

Maneman aure ta yi su. Wanda ya fi naci shi ne Mas Uriah, mai motar ɗaukar doya, mutumin kirki, mai gida da famfo a garin Mandeville. Ya ce ta taho da ni da Kaka duka, ɗakuna sun isa. Ni har na fara mafarkin wanka da ruwan famfo. Ta ce a'a. Ya dawo, ta sake cewa a'a, har ya gaji ya auri wata. Mutane suka ce taurin kai ne, wasu suka ce kwaɗi ta aura. Ni ma haushinta na ji, na daɗe ina ji, ita kuwa ba ta taɓa faɗin dalili ba.

Da Kaka ta rasu, mahaifina bai zo jana'iza ba, takardunsa ba su fito ba. Suka fito kafin shekara ta zagayo, daidai lokacin ginin kabari. A wajenmu sai ƙasa ta zauna, bayan shekara, dangi ke taruwa a gina kabari da siminti, a yanka akuya, a yi addu'a, a ci a sha. Ya sauka daga motar haya da ƙatuwar jaka da sanƙo, ya tsaya yana dubana.

"Zelma? Ke ce?"

"Ni ce. Sannu da zuwa, Mas Enos," na ce, kamar yadda ake kiran kowane magidanci a ƙauyen.

Na ga kalmar ta soke shi, kuma na ji daɗin hakan, ba zan ɓoye ba. Goggo ta harare ni, amma ba ta gyara min ba.

Mutumin da bai binne uwarsa ba, ya zo da niyyar ya yi mata komai a rana ɗaya. Ya sayi siminti, ya sayi farar tayil mai ƙyalli, ya sayi akuya har biyu, ya ɗauko Mas Linval magini, abokin wasansa na ƙuruciya. Abu ɗaya ne kuɗinsa bai kawo ba, ruwa. Ruwan farkon damina ya sauka, kwaɗi sun yi ƙwai, sannan sama ta ɗauke tsawon makonni. Tanka ta zo sau ɗaya, abin da muka samu na sha da girki ne kawai. Shuɗin duron Goggo ne ya rage cike da ruwan sama, ta rufe shi ta ɗora dutse, ta ce wannan na kwaɓa simintin Mama ne, ko cokali kada wanda ya ɗiba.

Ranar ginin, da sassafe, ni da Goggo muka gangara gari sayo kori da tattasai da ƙanƙara. Motar dawowa ta ɓata mana lokaci, sai bayan azahar muka iso. Tun daga kan hanya na ga wani abu ya sauya, ban gane ko mene ne ba. Haske ya yi yawa a bayan gida. Goggo ta saki jakar hannunta a tsakiyar hanya, ta ruga. Mace mai shekara saba'in da ɗoriya, ban iya cim mata ba.

Mangwaron tsirara yake. An bi shi reshe-reshe da ƙugiya da adda, an ɓamɓare abarbar kaf, an tara su tsibi a gefen shinge, guntayen safa na reto a sama. Mutane sun fara taruwa cikin kayan coci, tukwane na tafasa. Mahaifina yana tsaye cikin farar riga da kwat, da jan ƙyallen nan na wuya da 'yan kwat ke shaƙe kansu da shi, fuskarsa fal murna.

"Yaya, kin ga aiki?" ya ce. "Yanzu Mama za ta sha iska. Kaucin nan ya kusa tsotse bishiyar, ga sauro. Na ce wa Linval a share shi tas kafin ki dawo, in ba ki mamaki."

Mas Linval ya riga ya ja da baya, ya ɓuya a bayan buhunan siminti.

"Mis Adassa, na faɗa masa," ya ce daga can. "Na rantse na faɗa masa. Ya ce shi ma uwarsa ce."

"Kai kuma da ka faɗa masa, hannunka ne ya hau bishiyar shi kaɗai?"

Ba ta jira amsa ba. Ta durƙusa a gaban tsibin da rigarta ta fita unguwa, ta fara ɗaga su ɗaya-ɗaya tana buɗa ganye. Wasu sun fashe, wasu sun kife ruwan ya tsiyaye, tururuwa har ta shiga. Amma da yawa sun faɗo kan ciyawa, kuma 'ya'yan kwaɗin nan sun iya cusa kai can gindin ganye inda yauƙi ke saura. Ta miƙo min ɗaya, na leƙa, na ga jela tana motsi a cikin ɗan laima da bai fi miyau ba. Rana na dukan tsibin. Na san abin da ke ranta tun kafin ta buɗe baki: in ba a zuba musu ruwa yanzu ba za su bushe, in kuma ba a mayar da su sama kafin magariba ba, uwayen za su zo su tarar da reshe wayam.

Ta miƙe, ta nufi duro, ta ture dutsen.

"Mis Adassa!" in ji Mis Pearline, shugabar matan coci, hannu a ƙirji. "Ruwan kabarin mahaifiyarki ne fa!"

"Na sani, Pearline, ni na tara shi."

"A ɗebo na tanka mana," wani ya ce.

"Mai warin maganin? Ka fara wanke idonka da shi ka gani. Zelma, kawo kofuna. Duk kofin da ke gidan nan."

Mahaifina ya sha gabanta. Murnar ta gudu daga fuskarsa.

"Yaya, kada ki yi min haka a gaban mutane. Na tsallako teku don in gina wa Mama kabari. Ban ga gawarta ba, ban ɗauki akwatinta ba. Wannan kaɗai ya rage min, za ki zuba wa kwaɗi?"

Tausayinsa ya kama ni, na kuma ji haushin kaina da ya kama ni. Goggo ta dube shi, ta sassauta murya kaɗan.

"Mama ta jira shekara, za ta jira ruwan sama. Ba inda za ta. Waɗannan ba za su kai gobe ba."

"To, na ji. A zuba musu kaɗan. Amma a ɗaura su can, kan gwaibar bayan kicin, ko a shinge. Me ya sa sai a kan kabari? Bishiya ai bishiya ce."

"Nan uwar za ta dawo, ba can ba."

"In ta zo ba ta gan su ba sai ta nema! Kwaɗo ne fa, Yaya!"

Goggo ta ajiye kofin da ke hannunta a kan murfin duro.

"Enos, da ka sauka daga mota shekaranjiya, wa ka tambaya hanya?"

"Hanyar gidanmu zan tambaya?"

"Ka nemi wani? Ka bi gari-gari kana cigiya, ina Adassa ta koma da yarinya?"

Ya kau da kai, ta ci gaba.

"Ka taho kai tsaye, ka same ta a ƙofar da ka miƙo min ita. Kana tsammani haka kawai abin ya zo? Uriah ya ba ni gida mai famfo. Gwiwoyin nan nawa sun so famfo, Enos, har yau suna so. Amma ka ce in riƙe maka kafin ka dawo, ni kuma na ce duk ranar da Allah ya kawo shi, ko da sanda yake dogarawa, ba zan bari ya zo ya tarar da kango ba. Ba kowa ke da ƙarfin nema ba. Wani in ya zo bai gani ba, juyawa yake yi."

Ban taɓa jin wannan magana ba sai ranar. Duk shekarun da na yi ina ƙullace da ita a kan famfon Mandeville suka dawo min gaba ɗaya. Kuka ya zo min, na haɗiye shi, don ba zan yi shi a gaban Mis Pearline ba. Mahaifina ya dube ni, ya dubi duron, ina jin sai lokacin ya gane wanda ya aiko ne. Ya tuɓe kwat ya rataye a shinge.

"Linval," ya ce, "ina tsanin?"

Abin da ya biyo baya, har yau in an taru ana ba da labarinsa. Goggo ta tsaya a bakin duro tana rabon aiki kamar mai gayya. Mata suka jeru suna tsaida abarba a inuwa suna ɗura ruwa a hankali, kofi-kofi. Maza suka hau. Ita kanta ba ta san gurbin kowace ba, sun yi yawa, amma inda aka ɓamɓare akwai tabo fari a jikin reshe, ga guntun safa, sai a gwada gindi da tabo, a kuma duba launin safar. Gardama ta kaure a sama da ƙasa.

"Wannan ta reshen gabas ce!"

"Ƙarya kake, ni na cire ta, daga can sama ta fito, har ta zubo min ruwa a wuya."

"Da ta zubo maka a ka, ko ka yi hankali."

"Mis Adassa, naman fa? Cikina na kiran sunana."

"Ka ce masa ya jira. Ba mai ganin akuya sai na ga bishiyata da kayanta."

Safar da ke cikin kwandonta ta ƙare tun ba a kai rabi ba. Goggo ta juya ta dubi ƙafafun matan coci, ɗaya bayan ɗaya.

"A'a," in ji Mis Pearline. "A'a, Adassa. Sabuwa ce, 'yata ta aiko min daga Kanada."

"Shi ya sa za ta yi ƙarko."

"Ke dai Allah ya shirye ki. Maza, ku juya baya! Linval, na ga idonka, munafuki!"

Suka shige ɗaki suna dariya suna zaginta, suka fito da safa a hannu, ƙafafu fayau cikin takalman coci. Aka ci gaba. Mahaifina yana can tsakiyar bishiya, farar rigarsa ta koma ruwan ƙasa, yana karɓa yana ɗaurawa. Ashe hannunsa bai manta mangwaron ba, ya san reshen da ke ɗaukar mutum da wanda ba ya ɗauka. Da aka zo kan ta ƙarshe, wata babba mai 'ya'ya cunkus, safa ta sake ƙarewa. Ya duba hagu ya duba dama, sai ya kwance jan ƙyallen wuyansa ya naɗe ta da shi, ya ƙulle tam.

"Yau dai abin nan ya yi amfani," in ji Goggo.

Ba duka aka ceto ba. Kusan kashi ɗaya cikin uku sun tafi, Goggo ta kwashe su da kanta ta kai gindin ayaba, ba ta yarda kowa ya taya ta ba. Duro ya koma rabi, ba zai kwaɓa ko buhu biyu ba. Fasto ya yi addu'a a kan kabarin ƙasa kamar yadda yake, ya ce shi dai bai taɓa halartar ginin kabarin da ba a yi gini ba, amma ya ga an yi aiki. Sannan aka buɗe tukwane, naman akuya da kori, shinkafa da wake da madarar kwakwa, farfesun kai ga masu giyar rake.

Rana ta faɗa bayan duwatsu muna cikin ci. Sai can sama wani ya ƙyaƙyace. Wani ya amsa daga ƙasa-ƙasa, kafin ka ce me bishiyar ta ɗauka. Mutane suka yi shewa, Mas Linval ya ɗaga kofinsa, Mis Pearline har da 'yar rawa. Mahaifina ya juyo yana murmushi.

"Yaya, kin ji? Sun dawo."

"Mazan ne," ta ce, ba ta ko ɗaga kai daga faranti ba. "Su surutu ne aikinsu. Matan ba sa sanarwa. Sai da safe mu gani."

Da gari ya waye na fito ɗibar ruwan shayi, na tarar da shi ya jingina tsani da mangwaro, yana ta kai-kawo a gindinsa. Jiya jama'a da zafin rai ne suka hau da shi, yau kuwa gwiwoyinsa sun tuna shekarunsu.

"Zelma, ko za ki riƙe min?"

Na ajiye buta na riƙe. Ya hau a hankali, mataki-mataki, har ya kai inda jan ƙyallen yake. Ya buɗa ganyen da yatsa biyu ya leƙa. Ya daɗe a haka, har na fara tunanin ko jiri ne ya ɗebe shi. Goggo ta fito bakin ƙofar kicin da ludayi a hannu, ta tsaya.

"Akwai sababbin ƙwai," ya ce. "Cikinsu fari tas. Ta zo, Yaya. Ta same su."

Tsanin ya fara rawa a hannuna, ba daga ni ba ne. Na ɗaga kai na ga kafaɗunsa na girgiza, ya kifa goshi a jikin reshe, tsoho mai sanƙo yana kuka a kan mangwaro. Na ƙara ƙanƙame tsanin.

"To, mun ji," na ce. "Sauko a hankali, Baba, kada ka faɗo min."

Ban shirya faɗa ba, bakina ne ya riga ni. Ya tsaya cak da ƙafa ɗaya a iska. Goggo ta dube ni, ta dube shi, ta share ido da bayan hannun da ke riƙe da ludayi.

"In kun gama," ta ce, "akwai tukwanen jiya ba a wanke ba."

An gina kabarin Kaka bayan ruwan sama ya dawo, da farar tayil ɗin da komai. Ganyen mangwaro na zuba a kai, abarba na ɗigo, kwaɗi na ɓata shi, Baba ne ke sharewa kowace safiya, don tikitinsa na komawa ya wuce bai bi ta kansa ba. Goggo ta daina hawa tsani, sai dai ta zauna a ƙasa tana nuna masa da sanda tana cewa bai iya ƙulli ba. Jan ƙyallen ya koɗe, saiwar abarbar ta riga ta kama reshe da kanta, amma ta hana a kwance shi.